Kayan Tiyatar Verna a Garejina

Matata Verna ta shekara ashirin da biyu tana goge ƙasa da danne maguna a asibitin dabbobi na garinmu, kafin ta ce ita ma sai ta zama nas mai takarda. Ta shiga kwaleji a birnin Winnipeg tana da shekara arba'in da bakwai. Jarrabawar rubutu duk ta ci. Teburin kayan tiyata ne ya kayar da ita. A can ana jera ƙarafa ne, ka ɗauki kowanne ka faɗi sunansa da aikinsa kafin ƙararrawa ta buga. Suka ce saura mata dama ɗaya, in ta sake faɗuwa ta koma kan tsummanta.

Ta aro kayan tsohon Likita Kowalchuk da ya yi ritaya, kowanne da sunansa a liƙe da farin salatif. Daga ranar gidana ya koma ɗakin tiyata. Ni ne likita, karenmu ne marar lafiya, ta lulluɓe shi da koren tawul a kan teburin cin abinci yana ta minshari.

"Orval, ka taɓa hancinka. Ka kashe karen."

"Ƙaiƙayi yake mini."

"To ka dai kashe shi. Je ka wanke hannu mu sake."

A mako guda na kashe karen nan sau goma sha ɗaya.

Ran Asabar ta tafi garin Steinbach wajen ƙanwarta, na buɗe kayan don in gani da idona. Shekarata talatin ina gyaran tirakta, in na kalli ƙarfe na san lafiyarsa. Abin da na gani ya ɓata mini rai. Wata 'yar filaya da aka rubuta wa Kelly, haƙoranta a rabin baki suka tsaya. Ta kusa da ita, Crile, haƙora har gindi. Kowa ya gani ya san wacce ta cinye. Almakashi uku duk a lanƙwashe, kamar saniya ta bi ta kansu. Wato tsohon nan tarkace ya ba matata.

Na kwashe su sai gareji. Na sa magagari na ƙarasa wa Kelly haƙoranta. Almakasan na ɗaure su a bais, abin matse ƙarfe, na miƙar da su. Akwai wata mai tsini biyu kamar ƙahon ɗan maraƙi, ita ma na goge tsinin kada ta soki wani. Na mayar da komai wurinsa, ban ce komai ba. Ba na son yawan godiya.

Ran Litinin Verna ta kira ni, littafi a hannu ɗaya, filaya biyu a ɗayan.

"Littafi ya ce haƙoran Kelly rabi ne. Kai me ka gani?"

"Na ga filaya mai lafiya."

Ta juya su, ta kai su bakin taga, ta shafa da yatsa. Washegari ta je aka canza mata tabarau. Ta dawo ta duba, babu bambanci. Ran Laraba da safe na tarar tana tura littattafanta cikin kwali.

"Ba za ni ba," in ji ta. "Yara 'yan shekara ashirin suna ganin abin, ni ba na gani. Kaina ya tsufa, Orval."

Na shanye kofina tukuna.

"Ba kanki ba ne. Ni na gyara su."

"Ka yi me?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da lambar magagarin da na yi aiki da shi. Ta zauna a hankali.

"Da gangan ake yin su a lanƙwashe, jakin gareji!"

"Wane irin mutum ne zai yi wa filaya rabin haƙori, kuma ya sa mata sunansa?"

"Tashi. Ɗauko rigarka ta sanyi. Yadda ka same su haka za ka mayar da su."

Kwana biyu muka yi a gareji. Ita da littafi, ni da bais. Ban iya karanta yawancin sunayen ba, don haka kowanne sai ta gaya mini da baki: ina haƙora suke tsayawa, ta wane gefe ake lanƙwasawa, me ake kamawa da shi, jijiya ko fata ko tawul. In na ce ban yarda ba, sai ta rufe littafin ta yi mini ihun dalilin. Na ƙi yarda da kusan komai. Kafin Alhamis da yamma ta daina buɗe littafin, muryarta ta dishe.

Ran Juma'a na kai ta Winnipeg jarrabawa, na jira a mota. Ta fito ta shiga mota. Awa ɗaya da rabi muna tafe, ko rediyo ta hana ni kunnawa. Sai da na tsaya a ƙofar gida ta buɗe baki.

"Na ci. Kada ka kashe motar. Za ka kai wa Likita kayansa, ka gaya masa da bakinka abin da ka yi."

Muka same shi a shagon kofi na kusa da gidan mai, shi da manoma wajen takwas. Ashe kunnensa ya mutu tun bara. Sau uku na maimaita labarin, kowane karo da ƙarfi fiye da na baya, manoma suna taya ni cike inda na tsallake. Ya ɗaga Kelly ɗin sama, garin goge haƙoran da na ƙara mata ta zama siririya kamar tsinken sakace. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya wajen Verna.

"Shi ne kike kai wa motarki gyara?"