Shuɗin Salatif

Shekara ashirin da bakwai ina gyaran rediyo da talabijin, kuma ba a taɓa kiran wani mai gyara cikin gidana ba. Fanka, dutsen guga, tocila, duk abin da ya mutu a hannuna yake tashi. Ina da wata ɗabi'a da kowa ya san ni da ita: in na haɗa waya da dalma, da shuɗin salatif nake naɗe ta, ba baƙi ba irin na sauran masu gyara. Maiɗakina takan ce ko a bola ta tsinci abin da na taɓa, za ta ɗauko ta kawo mini gida.

Auta, 'yata ta ƙarshe, zanen gine-gine ta karanta. Wani kamfani da take neman aiki ya ce kowa ya aiko da bidiyon ginin da ya zana, ciki da waje, kafin sha biyun ranar Alhamis. Kwamfutarta ba ta iya ɗaukar wannan nauyin, sai ta sayo sabon katin hoto, wato abin da ke fitar da zane a allo, a shagon wani mutum da unguwa ke kira Mai Tabarau. Ya ce ta kawo ya sa mata. Da ta faɗa mini, raina ya sosu.

"Ina raye za ki kinkimi kwamfuta ki kai wa wani ya ɗaura sukuru huɗu?"

Ta yi dariya ta ce, "To Baba, ga ka ga ta."

Ranar Asabar da Auta ta fita, na buɗe kwamfutar a kan teburina. Katin ya zauna daram. Sai dai ramin shan wuta biyu gare shi, akwatin wutar kwamfutar kuwa waya ɗaya tak yake da ita mai irin wannan bakin. Takardar cikin kwalin ta ce kowane rami da wayarsa, kuma a nemi akwatin wuta mai ƙarfi. Na karanta, na ja tsaki. Masu ƙera kaya ba su da magana sai ta saya, saya. Na jawo buhun tsofaffin wayoyina, wanda maiɗakina ta gaji da roƙon in zubar, na raba wayar gida biyu, na ɗiga dalma tsaf, na naɗe da shuɗin salatif, na cusa ta can ƙasa bayan katin. Na kunna, fankoki suka juya, hoto ya fito tar. Har wani ƙasaitaccen tari na yi ni kaɗai.

Washegari abin ya fara. Muddin rubutu Auta take yi ko duba zane, lafiya lau. Da zarar ta sa kwamfutar ta fara haɗa bidiyon, lissafin kan allo zai hau zuwa talatin da wani abu cikin ɗari, sai komai ya ƙame. Kibiyar kan allo ba ta motsi, madannai ba sa ji, sai an danne maɓallin kashewa an sake daga farko. Ta cire manhajar katin ta sake sawa. Ta koma tsohuwar manhaja. Ta sa ido kan zafinsa, ta ga bai wuce ƙa'ida ba. Ta kafa wa kwamfutar fankar ɗakinta, ita tana zaune tana haɗa gumi.

Ranar Litinin na ji ta tana kwance murfin gefe. Can sai ga ta a bakin teburina, sukudireba a hannu.

"Baba, da ka sa katin, ka ƙara wani abu a ciki?"

Tun jiya zuciyata take raya mini wayar nan. Amma ina ganin idon yarinyar da tun tana rarrafe take kallona ina tayar da matattun rediyo, bakina ya riga ni.

"Sa shi kawai na yi."

Ta ɗan tsaya, ta ce, "To," ta juya. Na ce wa kaina ai dalmar ta kama da kyau, ba daga nan ba ne. Na maimaita har na kusa yarda.

Talata ta goge komai na kwamfutar ta sake zubawa, yini guda cur. Da yamma ta gwada: talatin da shida, ta ƙame. Ta kifa kanta a kan teburi. Ni kuwa, maimakon in buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na buɗe shi na ce katin jabu ne, an cuce ta.

Laraba da safe na rungumi kwamfutar muka nufi shagon Mai Tabarau. Mutum bakwai na tarar a ciki, na ƙirga su daga baya, lokacin da ƙirgawar ta zame mini azaba. Na dire kwamfutar a kan teburin shagon, na ɗaga murya. Na ce yana sayar wa 'ya'yan mutane kayan bogi. Na ce tun bai san bambancin ja da baƙar waya ba nake wannan sana'a. Wata mata da ta zo sayen linzamin kwamfuta ta ajiye shi ta fice.

Ya gyara tabarau ya ce, "Baba, zauna mu duba. In katin ne, yanzu zan canza."

Ya tambayi Auta yaushe take ƙamewa. Da ya ji sai aiki ya yi nauyi, ya gyaɗa kai ya ce wannan ya fi kama da yunwar wuta. Ya kwance murfin, ya haska tocila, ya zura yatsu biyu bayan katin. A hankali ya zaro ta. Salatif ɗin ya yi laushi, gefe guda ya soma narkewa, amma shuɗinsa na nan kamar yau na naɗa.

Mai Tabarau ya san salatif ɗin nan. Rediyon mahaifinsa sau uku tana kwana a teburina. Ya dubi wayar, bai dube ni ba.

"Ga ta nan. Waya ɗaya aka raba, ba ta iya ciyar da katin in ya buɗe baki. Akan samu irin wannan a tsofaffin kwamfutoci."

Ƙofa ya buɗe mini in fita da mutuncina, ni da na gama zubar da nasa. Kuma wallahi na bi ta. Na zauna a kan benci, na yi gum. Ya sa sabon akwatin wuta mai waya biyu, Auta ta kunna aikin. Talatin, arba'in, sittin. Mutanen suka riƙa samun abin da suka zo nema suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ɗari, daga ni sai ita sai shi a shagon.

A lokacin ne na samu murya. "Ni na haɗa wayar nan. Ka yafe mini."

"Ba komai, Baba," in ji shi, ya miƙo mini ita.

A gaban mutum bakwai na zage shi, a gaban benci na ba shi haƙuri. Na cusa wayar a aljihu.

A hanya Auta tana gaba ina biye da kwamfutar a ƙirji. Ta ce ta yi lissafi, lokacin da ya rage ba zai isa ta haɗa cikin ginin ba, wajen kawai za ta aika. Cikin kuwa shi ne abin da ta fi wahala a kai, matakalar nan da ta yi sati uku tana gyarawa, wadda takan kira ni in gani.

Na ce, "Auta, da na faɗa miki tun Litinin..."

Ta tsaya ta juyo. Ba fushi a fuskarta, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Na gan ta ranar Litinin ɗin, Baba. Shi ya sa na tambaye ka. Da ka ce ba ka ƙara komai ba, sai na ce to tsohon gyaranka ne na bara, na bar ta. Idona ya gani, amma maganarka na ɗauka."

Ta miƙo hannu ta karɓi kwamfutar, ta ce in bar ta, za ta iya. Na sakar mata, na bi bayanta hannu rabbana har gida.