Keken Tuda a Hanyar Sagro

Ranar da Tuda ta shimfiɗa taswira a tsakar gida ta ce za ta tsallaka dutsen Sagro a kan keke, ita kaɗai, kwana biyar, mahaifinta Bassu ya ƙarasa shayinsa, ya ɗauki sanda ya nufi masallaci, alhali la'asar da sauran awa guda.

Tuda malamar labarin ƙasa ce a wata makarantar sakandare a garin Tingir. Shekararta arba'in da uku, 'ya'yanta biyu duk suna jami'a a birnin Agadir. Shekara uku da suka wuce likita ya ce mata ciwon sukari ya fara leƙo ta, ta nemi abin motsa jiki. Sai ta sayi keke na hannu, ta fara zagaya gonakin dabino da sassafe. Matan unguwa suka yi ta leƙen ta ta taga har suka gaji. Yanzu ranar Lahadi takan yi kilomita sittin, ta dawo ta ɗora tukunya kamar ba ita ba. To ga hutun makaranta ya gabato, sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, ita kuma hanyoyin burjin da ke bayan dutse sun daɗe suna mata yawo a rai.

Mijinta Yidir tela ne, mutum mai sanyin hali. Da tsohon ya fita, ya dube ta ya ce, "Ni dai ba ni da ta cewa. Amma ki sani, in Baba ya tambaye ni, zan ce na hana ki kin ƙi." Yana faɗa yana zaro tef ɗin awo daga wuyansa, ya durƙusa yana auna keken don ya ɗinka mata jakunkuna.

Matsalar Bassu daban ce. Shekara talatin da biyu ya yi yana tuƙa babbar mota a waɗannan hanyoyi tun kafin kwalta ta iso, yana ɗaukar dabino da lalle da sha'ir da tumaki. Yanzu ido ya yi rauni, yana zaune gidan 'yarsa tun rasuwar matarsa. Kwana huɗu ya yi yana kewaye taswirar in zai wuce, kamar an zubar da miya a wurin. A rana ta biyar ya tsaya a kanta, ya gyara tabarau.

"Wa ya zana wannan abin?"

"Daga sama ake ɗaukar hoton ƙasa, Baba, sai na'ura ta fitar da hanyoyin."

"Ai na ga alama. Wanda ya zana bai taɓa tura mota ba." Ya zauna da ƙyar, ya miƙa hannu. "Ba ni fensirin nan."

Daga ranar gidan ya koma ofishin shirya tafiya. Tuda ta kasa hanyar gida biyar, kowace rana da iyakacin kilomitocinta da wurin kwana. Bassu ya bi ya rushe uku daga ciki. Inda ta rubuta hamsin ya ce ta mayar talatin, don hawan da ke wurin ko jaki sai ya tsaya ya yi tunani. Inda ta sa alamar kafa tanti a cikin wani busasshen rafi mai laushin yashi, ya buga mata fensirin a hannu kamar 'yar firamare.

"Malama guda, za ki kwana a cikin rafi? Ruwa zai sauka a kan dutsen da ba kya ko hange, ke kina nan sama garau, ya zo ya kwashe ki da kekenki ya kai garin Alnif."

"Na sani, Baba, ina koyar da wannan."

"To ki koya wa kanki."

Babbar gardamar a kan ruwa aka yi. A rana ta uku akwai kilomita saba'in babu gari babu ƙauye, sai wata rijiya ɗaya da wayarta ta nuna a tsakiya. Bassu ya yi dariya har da tari. Ya ce ruwan rijiyar nan gishiri ne zalla, ya taɓa zuba wa motarsa a lagireto ta yi sati tana fushi da shi. Ya ce kafin a kai can akwai tarin duwatsu a hannun hagu da itatuwan ƙaya uku. Ta karya nan ta shiga kwari, rabin awa kacal, za ta tarar da gidan wani amininsa Hammu, da idon ruwa mai sanyi da ɓaure.

Tuda ta duba waya, ta duba takarda. Babu kwari mai hanya, babu gida.

"Baba, yaushe rabonka da wurin?"

Ya ƙirga da yatsu. "Kina da shekara biyu."

"Shekara arba'in da ɗaya ke nan fa."

"To sai me? Idon ruwa zai tattara kayansa ya tashi don ban je ba?"

Ba ta yarda ba, ba ta kuma ƙi ba. Ta ce wa Yidir ya ƙara aljihu biyu a jakunkunan, za ta ɗauki lita tara a ranar, ko da rijiyar da amininsa duk sun ba ta kunya.

Suka aro ma'auni wurin maƙwabci mai sayar da dabino, suka ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya. Tanti, bargo, ƙaramin risho, famfo, faci, tiyub biyu, ɗan guntun sarƙa, burodin sha'ir, man zaitun, kifin gwangwani, dabino. Bassu ya zauna kan kujera yana yanke hukunci. Ya cire tukunya ta biyu. Ya cire takalmi na biyu. Ya cire littafin da take son karantawa, ya ce wanda ya wuni yana taka feda ba ya karatu. Da aka gama rage kaya, ya shiga ɗakinsa ya fito da curin sukari mai kilo biyu naɗe cikin shuɗiyar takarda, ya ɗora a kai.

"Baba, littafina ko rabin kilo bai kai ba."

"Littafin za ki miƙa wa Hammu? Ba za ki shiga gidan mutane hannu rabbana ba, kina 'yata."

Yidir ya sunkuyar da kai a kan keken ɗinki, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Sati biyu ta yi tana gwaji. Ta loda kayan ta hau burjin bayan gari, ta gane in ta rage wa tayoyi iska kaɗan, kunyoyin hanya ba sa kaɗa mata haƙora. Ta koyi cire taya da yin faci, Bassu na riƙe da agogo yana cewa a zamaninsa da tuni ya canja tayar babbar mota ya sha shayi. Daga minti ashirin da biyar ta dawo takwas.

Ana saura kwana biyu, ta ji su suna ƙus-ƙus a zaure. Tsohon yana lallashin Yidir ya aro motar ƙaninsa su riƙa bin ta daga nesa, ba sai ta sani ba. Ta leƙo ta ce, "In na hango ƙurar mota a bayana, juyowa zan yi, kuma ku za ku cinye kifin gwangwanin nan duka." Aka daidaita a kan cewa duk inda ta sami sabis za ta kira. In aka yi kwana biyu cur ba a ji ta ba, su taso.

Ta fita bayan sallar asuba ranar Asabar. Bassu ya dafa kanta ya yi mata addu'a doguwa, sannan ya matsa tayar baya da babban yatsa ya ce iskar ta yi yawa.

Rana ta farko ta tafi yadda aka tsara. Ta biyu ta tabbatar da maganar tsohon: hawan ya fi ƙarfin feda, ta sauka ta tura keken awa biyu tana jin curin sukarin nan a kowane taku. Ƙaya ta huda mata taya sau ɗaya, ta yi faci a minti tara, ta ji haushi babu wanda ya gani. A can sama iska ce kawai da baƙaƙen duwatsu da ƙamshin ciyawar daji. Ta kama kanta tana waƙa da ƙarfi, abin da rabonta da shi tun tana budurwa.

Rana ta uku, wajen azahar, ta ga tarin duwatsu a hannun hagu. Itatuwan ƙaya biyu ne, da kututturen na uku. Ta tsaya ta duba ruwanta, saura lita biyar. Wata 'yar siririyar hanya ta gangara kwari, da sawun awaki a kanta. Ta yi bisimilla ta karya.

Rabin awa ya wuce. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Sai a lokacin ta tuna cewa rabin awar direba ba rabin awar mai keke ba ce, ta yi wa kanta dariya, dariyar da ke da ɗan tsoro a ciki. Rana ta karkata, ruwa ya koma lita uku, tana shawarar juyawa, sai ta ji haushin kare. Tana shan kwana ta ga kore shar a gindin dutse, da gidajen ƙasa huɗu, da faifan sola a kan rufi.

Wata mata ta kore karen, ta kai ta wurin surukinta Hammu, wani tsoho siriri da ke zaune a inuwar ɓaure. Tuda ta gaishe shi, ta ajiye sukarin a gabansa, ta ce ita 'yar Bassu direba ce daga Tingir. Sai da ta maimaita a kunnensa na dama. Tsohon ya tashi ya zagaya keken, ya latsa birki, ya shafa sirdi.

"Madalla," ya ce. "Ashe Bassu yana da sauran kunya. Ya daɗe, amma ya aiko da wanda ya fi."

Tuda ba ta gane ba. Sai da aka kawo shayi da burodi mai zafi Hammu ya warware mata. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce motar Bassu ta karye a bakin kwarin, ya kwana tara a gidansa. Da ya rasa yadda zai yi, ya ari keken Hammu ya tafi neman ƙarfen gyara a garin Nkob. Bai iya keke ba, a nan gaban ɓauren aka koya masa, ya faɗa cikin rafi sau uku, mata suna dariya. Da ya dawo, a motar makanike ya dawo, ya ce keken yana wurin gyara, zai kawo.

"Har yau yana wurin gyara, 'yata."

Tuda ta yi dariya har ta ƙware da shayi. Ta ce, "Kawu, wannan dai nawa ne, ina da sauran kwana biyu a kansa."

"Tafi da shi. Na ga ke kin iya."

Ta kwana a ɗakin mata. Da safe suka cika mata robobinta daga idon ruwan, suka cusa mata busasshen ɓaure wanda ya kusa kai nauyin sukarin da ta sauke. Hammu ya raka ta har bakin gona, ya nuna mata wata hanyar da ta fita kwarin ta kudu, ba sai ta koma baya ba.

Da hantsi ta hau wani tudu, waya ta kama sabis. Bugu ɗaya Bassu ya ɗauka.

"Kin sami ruwan?"

"Na samu, Baba, mai sanyi. Rabin awarka kuma awa uku da rabi ce. Kawu Hammu yana gaishe ka. Ya ce a tambaye ka ko mai gyara ya gama."

Muryar tsohon ta fito ƙasa-ƙasa. "Yana da rai ke nan, ɗan banzan." Ya yi gyaran murya. "Wannan har keke ne? Birki babu, sirdi kamar bakin gatari. Taimakonsa na yi." Sai kuma ya shiga jero tambayoyi: ya idonsa, ya ƙafarsa, matarsa tana nan, ɓauren bai mutu ba? Sai da cajin wayar ya kusa ƙarewa ya sake ta.

Ranar Laraba da la'asar ta gangaro Nkob, inda tafiyarta ta ƙare, fuska ta ƙone, leɓe ya tsage, ƙafafu kamar na aro. Yidir yana tsaye a bakin tasha tun azahar. Ya tare ta da sauri, ya riƙe keken ta sauka, ya dube ta sama da ƙasa ya ce sannu. Daga nan ya durƙusa yana bin ɗinkin jakunkunan da yatsa.

"Ko zare ɗaya bai saki ba," ya ce.

"Ni ma lafiyata ƙalau, na gode da tambaya."

Ya ja ta zuwa wani gidan abinci, ya sa aka kawo tajin, wato dahuwar nama da zaitun, na mutum biyu. Ta cinye, shi ya samu zaitun uku da ɓawon burodi. Da aka ɗaure keken a saman tasi suka kama hanyar gida, ta fara ba shi labari tun daga rana ta farko, amma ba ta kai ga hawan ba barci ya ɗauke ta a kafaɗarsa.