Wa Zai Gaji Bolle

Shekara talatin da huɗu na yi ina tuƙa bas a garinmu Leer, babu wanda ya taɓa shakkar ba ni amanar rayuka hamsin. Sai ga ni da shekara saba'in da shida, wata yarinya mai ɗankunne a hanci tana tambayata ko na san sau nawa kare ke buƙatar fita a rana.

Merle sunanta, ita ke karɓar masu neman kare a gidan dabbobin garinmu. Tun da matata Gesa ta rasu gida ya yi mini girma, na gaji da yi wa butar shayi magana, abin da ya kai ni can ke nan. Ranar Asabar ce, wurin cike da irin mutanen da ban iya jurewa. Wata da mijinta suna neman karen da launinsa zai dace da kujerun falonsu. Wani ƙato ya durƙusa yana yi wa ɗan kwikwiyo gwarancin jarirai, matarsa na ɗaukarsa a waya. Ko kunya babu.

"Malam Oltmanns, ga wannan, ba ta da wahala," in ji Merle, ta nuna mini wata 'yar aba mai karkarwa cikin rigar saƙa.

"'Yar nan, kare na zo nema, ba ɓera ba."

A keji na ƙarshe na same shi. Bolle, shekararsa takwas, kunne ɗaya a yage, baki duk furfura. Sauran karnukan sai tsalle suke suna fadanci, shi kuwa ya ɗaga ido ya dube ni, ya ga ba wani abin kirki ba ne ya zo, ya mayar da kai ya kwanta. Nan take ya shiga raina. Merle ta ce shekara biyu yana wurin, babu wanda ya ko tambayi sunansa.

Na ɗauka igiya za a miƙo mini mu tafi. Ina! Sai na zo Asabar uku ina zagayawa da shi. Sai an je an duba gidana. Wani ɗan gemu ya zo da tef ya auna shingen lambuna, ya leƙa ƙarƙashin matakala, ya rubuta, kai ka ce bam zan ajiye. Na haɗiye duka. Domin a fita ta uku, muna tsaye kan ganuwar kogi iska na dukanmu, Bolle ya matso ya jingina da ƙafata, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Rabon da wani mai rai ya taɓa ni tun ranar jana'iza. A hanyar komawa na tsaya na saya masa katifa.

Ranar ɗauka, Merle ta juyo takardar yarjejeniya ta ɗora yatsa a layin ƙarshe.

"Saura nan, Baba. Duk wanda ya haura saba'in sai ya rubuta wanda zai karɓi karen in ya kwanta asibiti, ko in ta Allah ta kasance. Kuma sai na ji daga bakinsa."

"Kin ga alamar mutuwa a jikina ne?"

"Ban gani ba. Amma in babu suna, Bolle ya koma keji."

Na riƙe biro ina lalube. Maƙwabcina Onno, sakaran da na kai ƙara sau biyu don yana yankan ciyawa ran Lahadi. Ƙanwar Gesa, wadda na ce ta daina kawo mini miyarta mai kama da ruwan wanki. Tsoffin abokan aiki, taron 'yan surutu, ko bikinsu na ƙarshen shekara ban taɓa zuwa ba. Duk na san darajarsu, kuma duk na faɗa musu a fuska.

Saura Hauke, ɗana. Shekara bakwai ba mu yi magana ba, tun da ya bar karatun injiniya ya koma renon yara a makaranta, na ce masa a gaban mutane na haifi mai share majina.

Bolle na kwance bakin ƙofa da sabuwar igiya a wuya. Na kira Hauke a waya.

"Wa ke magana?"

"Ni ne."

Ina jin hayaniyar yara a bayansa. Na yi masa bayani a gaggauce.

"Wato magajin kare kake nema," in ji shi. "Shekararsa nawa?"

"Takwas."

"Yana cizo?"

"A'a."

"To ya fi wasu. Ba ni matar."

Na miƙa wa Merle wayar, amma ofishin ƙarami ne, babu abin da ya wuce ni.

"Ki sa sunana, karen bai yi mini komai ba. In lokacin ya yi ku kira ni a kansa. Sauran kuma ku nemi wani."

Ya kashe. Merle ba ta dube ni ba, ta turo takardar a hankali. Na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, na sauko layin adireshi, sai biron ya tsaya. Ban san inda ɗana yake zaune ba.