Tozon Gaisuwa

Da hantsi suka zo duba Dogo, su huɗu, dukansu mahauta, Baba, maigidansa a sana'a, na gaba. Baba ne ya koya wa Dogo riƙon wuƙa tun yana ƙarami, har yau kuma Dogo ba ya hawa kujera in tsohon na wurin. Sun zo da abin da mahauta kan kai wa ɗan'uwansu in ya tashi daga jinya: tozon sa guda a cikin leda, ana hango farin kitsensa tun daga ƙofa.

Matar Dogo ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta shiga kicin ta jingina da bango. Ba a daɗe da sallamo mijinta daga asibiti ba. A kwata ya faɗi dafe da ƙirji, tana shanya aka kawo mata labari. Likita bai ɓoye musu komai ba. Jijiyar zuciya ɗaya ta toshe, sun buɗe ta, sauran ma maiƙo ya kama su. Nama kaɗan, ja zalla, ban da kitse, ban da suya. In ta sake toshewa, in ji shi, ba lalle ne a iso da shi asibiti ba.

Ta san al'adarsu. Ba za su tafi ba sai an dafa, sun ci tare da shi a tire ɗaya, sun ga ya haɗiye da idonsu.

Ta ɗora tozon a katako, ta fara yanke kitsen da ke bayansa. Sai ta tsaya. Kitsen tozo a cikin tsokar yake, zare-zare, babu wuƙar da za ta raba su. Ta mayar da shi leda, ta tura ƙasan firij. Ta ɗauko naman cinya da ta tanada, ta cire ɗan farin da ke gefensa, ta dafa shi da albasa, citta da tafarnuwa, ba ta sa mai ko ɗigo ba. Da romon ya huce ta kwashe maiƙon da ya taso da cokali. Ta zuba yaji da yawa, ko zai rufa mata asiri, ta miƙa tiren ta bakin labule.

Daga nan ta tsaya tana saurare.

Baba ya tauna loma ɗaya. "Dogo, yaushe sa ya fara ɗaukar tozonsa a cinya?"

Falon ya ɗauki dariya. "Cinyar ma ta tsohuwar saniya," in ji wani. "Ni na sayar mata shekaranjiya!"

"Dubi wuyanka kamar na zakara," in ji Baba. "Da wannan wuyan kamar igiya za ka koma kama sa? Ni na girmi likitan nan naka, kullum da kitse nake karyawa. A kawo tozon, da kaina zan gasa maka."

Ta jira ta ji mijinta ya ce a'a. Ta tsagin labule tana ganinsa a kan tabarma, kai sunkuye, tafin hannunsa na shafa ƙirji a hankali, kamar yadda yake yi tun da ya dawo ba tare da ya sani ba.

"Maman yara," ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kawo wa Baba."

Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa shiga falo maza na cin abinci ba. Ta gyara mayafi, ta ɗauko ledar, ta ɗaga labule. Ta durƙusa gaban tsohon, amma ba ta saki ledar ba.

"Baba, ka yi mini afuwa. Ba zai ci ba."

"'Yata, da mijinki nake magana."

"Na sani, Baba. Shi ba zai iya ce maka a'a ba, ko da zai mutu a kan tabarmar nan. Likita ya ce in ta sake toshewa, shi ke nan. Ni na zauna a bakin ɗakin tiyata. Ba zai ci ba."

Baba ya dubi Dogo, Dogo ya dubi tire. Tsohon ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa hannu, ta sakar masa ledar. Ya tashi ya saka takalmi, bai yi sallama ba. Sauran suka bi shi, na ƙarshen ya waiga ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," kamar wanda ke tsoron a ji shi.

Dogo ya daɗe bai ɗago ba. Numfashinsa kawai take kallo, yadda rigar ke hawa da sauka.

"Kin san abin da kika yi?" ya ce. "A rumfarsa nake yanka."

"Na sani. Ƙirjin na ciwo?"

"Ba ya yi."

"Ka tabbata?"

Ya jawo tiren gabansa, ya ɗauki yankan cinya da ya riga ya huce, ya fara tauna. Ta zauna a bakin ƙofa, wayarta a hannu, lambar asibiti a buɗe.