Akushin Baba Husaini

"To wanne ne gizagon, wanne ne wuƙar?" Baba Husaini ya tambaya daga kan tabarma, muryarsa kamar ta fito daga rijiya.

Radiya ta sake duban kwamfutarta. Maƙwabciyarsa ce, malamar lissafi a kwalejin Tanout, kuma ɗan injin sassaƙan da yayanta ya kawo mata daga Agadas sunayen yara kawai ta taɓa zanawa da shi. Yau ga ta a zauren tsohon masassaƙi, kwamfuta a cinya, lojisiyel biyu, wato manhajojin sarrafa injin, a buɗe. Na farko yana cin itace da sauri amma yana barin tsani-tsani. Na biyu yana fidda aiki sumul, sai dai yana son awa tara, wutar gari kuwa ba ta zama awa tara.

"Baba, kowanne yana cewa ya iya duka biyun."

"Maƙaryata ne, ɗiyata. Gizago tukuna, sannan wuƙa."

Shekara arba'in yana sassaƙa wa mutanen Damergu akussa, bai taɓa yi wa matarsa Maimuna ko ɗaya ba. Sai da hannu ya soma rawa, likita ya sallamo shi gida, sannan ya tuno. Ya ba Radiya guntun aduwar da ya ɓoye, ya ce ta sassaƙa wa Maimuna akushi da injinta, yana son ya gan shi da idonsa.

Ta yanke shawara: na farko ya yi gizago, na biyu ya yi wuƙa. Amma sunayen fayilolin sun kusa zama ɗaya, idonta kuma cike da hawaye. Ta ɗaura wa injin siririn haƙorin gamawa, ta danna aikin gizago. Ƙas! Haƙorin ya karye, ba ta da wani, sai an aika Damagaram.

Ta sa babban haƙori ta fafe akushin, ta kawo shi bayan azahar, duk tsani-tsani, kunya kamar ta kashe ta.

"Baba, na ɓata. Ban ma san yadda aka yi ba."

Ya shafa cikinsa da yatsu, a hankali, har ya yi 'yar dariya.

"Injinki rago ne, amma yana da hannu. Maimuna, miƙo min wuƙata."

"Malam, wace wuƙa kuma? Ko kofi ba ka iya riƙewa."

"Ke dai miƙo."

Maimuna ta riƙe masa wuyan hannu, ya dinga kankarar bakin akushin, numfashi ɗaya, kankara ɗaya. Da ya gaji ya ce, "Saura gobe."

Washegari da hantsi ya cika.

Da Radiya ta shiga gaisuwa, tana ta juya yadda za ta ce haƙori zai iso ranar Laraba, ta tarar da Maimuna cikin mata, akushin a cinyarta ƙarƙashin mayafi. Radiya ta zauna kusa da ita. Babban yatsan tsohuwar yana kai da komowa a ɗan wurin da ya yi sumul, faɗinsa bai wuce dabino ba.