Kafin Watan Yuli

Tun watan Maris Begimai ta fara zuwa ɗakin motsa jikin da ke ƙasan benen unguwarsu a Bishkek. Shekarunta arba'in da uku, 'ya'ya uku, aikinta tsayuwa a kantin magani daga safe zuwa yamma. Ƙawayenta na makaranta ne suka sa ranar haɗuwa a bakin tabkin Issyk-Kul cikin Yuli, aka ce kowa ta zo da kayan ninkaya. Ita kuwa rabonta da kallon kanta a madubi da kyau har ta manta.

Mai horar da ita sunansa Tilek, tsohon ɗan kokawa ne mai murɗaɗɗen kunne, bakinsa ba ya shiru.

"Yaya Begimai, jiya me kika ci?"

"Shayi kawai."

"Lallai shayin gidanku da ƙashi a ciki. Hau keken nan."

Ba ƙarya ta so yi masa ba. Surukarta ce ke girki, kuma tsohuwar ba ta san wani abu wai rage ciki ba. Kullum sai ta tura mata taliya da naman rago, kitse na yawo a sama.

"Ci, 'yata. Kya rame mutane su ce yunwa muke ba ki?"

Mijinta, Ulan, dariya kawai yake yi. "Ke da kifin tabki ne zai kalle ki, mene ne na wahala?"

Duk da haka ba ta fasa ba. Ta ɗaga ƙarfe, ta yi tsalle, ta yi gumi har idonta na yaji. Wata uku cur, ma'auni ya ce kilo biyu ta sauke. Tilek ya daɗe yana kallon lambar, ya sosa ƙeya.

"Mu ƙara wuta, Yaya. Saura mako biyar."

Suka ƙara. Ran nan tana hawa da sauka a kan akwatin katako sai ta ji ƙas a gwiwar hagu, ta zube. Likita ya ce jijiya ce ta yage, ba gudu, ba tsalle, wataƙila har abada. Kwana ashirin tana kwance, surukarta na jinya da romo da soyayyen burodi. Kilo biyun suka dawo, suka zo da 'yan rakiya.

Da ta fara takawa da sanda, ta leƙa wurin Tilek. Ta tarar ana fitar da ƙarafa.

"Mai ginin ya ba masu sayar da waya hayar wurin," in ji shi, bai iya haɗa ido da ita ba. "Jibi zan wuce Rasha, aikin gini. Ki yafe mini, Yaya, ni na matsa miki."

"Ni na matsa wa kaina, ƙanena. Allah ya kiyaye hanya."

Ta je tabkin dai, cikin doguwar riga. Ƙawaye suka rungume ta, suka yi mata sannu, suka jibge jakunkunansu kusa da ita tunda ba ruwan za ta shiga ba. Da suka fito suna ɗiga, ɗaya ta miƙa mata waya.

"Begimai, ɗauke mu mana! Ki tabbata duwatsun da ke bayanmu sun fito."

Ta dogara sandarta ta miƙe, ta ja baya kaɗan don kowa ta samu shiga, ta ce su yi murmushi.