Maganin Baba a Cikin Yashi

Ajuma ta iso bakin gulbi da sassafe, riƙe da kwalbar insilin, maganin ciwon suga na mahaifinta, a cikin leda. Nasa ya ƙare tun jiya. Mai farmasi a Gaya ya ja mata kunne kada zafi ya taɓa maganin, ya haɗa mata da ƙanƙara, amma ta narke a gidan gwaggonta inda ta kwana, don an ɗauke kuran, wato wutar lantarki.

Jirgin da zai kai ta ƙauyensu, can wajen Tanda, ya ƙi tashi. Lawali mai jirgin ya kwance inji, ya ce yanzu-yanzu.

Ta tsoma hannu a gulbi, ta ji ruwan da ɗumi-ɗumi. Yashin gaɓa kuwa sanyi ƙalau a tafin ƙafa. A gida ma cikin yashi ake girka randa. Sai ta yi ɗan tono, ta binne ledar, ta ɗora dutse, ta koma inuwar rumfa wurin masu jira.

Rana ta take, inji bai tashi ba. Ƙanenta ya kira a waya ya ce Baba sai shan ruwa yake yi, ya kasa zama. Tana sauraronsa ta hango wani fasinja ba takalmi yana tsalle-tsallen ƙetare gaɓa saboda zafin yashi. Ta miƙe a guje.

Dutsen ya ƙona mata yatsu. Ledar ta fito da ɗumi.

Nuriya, wata dattijuwa mai sayar da kifi, ta biyo ta. Da ta ji yadda aka yi, ta ce, "Ke 'yar nan, yashin randa jiƙa shi ake yi, kuma a inuwa." Ta ce yashi a fatarsa yake tara rana, nan da nan ya ɗau zafi, da dare ya sake shi. Gulbi kuwa rana ratsa shi take yi har ƙasa, na sama yana cuɗanya da na ciki, shi ya sa yake daɗewa bai ɗumama ba, yake daɗewa bai huce ba.

Suka sa kwalbar a ƙaramin bido, wato 'yar jarka, suka ɗaura igiya, suka nutsar. Ruwan da ta ƙi da safe shi ne yanzu mai sanyi.

Can Ajuma ta ciro kwalbar ta ɗaga ta a haske. Ba ta ga wani canji ba, ba ta kuma san ko ido na iya gani ba. Ta miƙa wa Nuriya.

"Idona na kifi ne, 'yata. Koma farmasi su duba."

Nan inji ya tashi. Lawali ya ce duk mai zuwa ya shigo, babu wani jirgi sai gobe.

Ajuma ta dubi hanyar gari. Waya ta sake ƙara a ƙugunta. Ta mayar da kwalbar cikin bido, ta naɗe igiyar a hannu, ta shiga jirgi.